Guzurin Mai Tafiya Babbar Makaranta: Kyautar da Za Ta Kai Shi Ƙarshen Zango

Idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, sunan yaro ko yarinya kuma ya bayyana a shafin JAMB, sai gida ya cika da 'yan barka. A Zinyau da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga Rano har Kibiya, ba a zuwa irin wannan barka hannu rabbana. Kawu zai kawo nasa, gwaggo ta kawo nata, maƙwabci ma ya miƙa abin da ya sawwaƙa. Sai dai sau da yawa akan tara wa ɗalibi yadi da turare da agogo, ya isa makaranta ba shi da bokitin wanka.

Na raka 'ya'ya da ƙanne da 'ya'yan maƙwabta wannan tafiya. Na ga kayan da suka dawo gida ba a ko buɗe su ba, na kuma ga waɗanda aka mora har suka tsufa. Kyautar kirki ita ce wadda ɗalibi zai ci moriyarta a tsakiyar zango, lokacin da kuɗin barka suka ƙare, gida kuma ya yi nisa. Ga abin da zan ba ku shawara a kai, yawancinsa bai fi ƙarfin talaka ba.

1. Ku fara da tambayar wanda ya riga shi shiga.
Kowace makaranta da tata dokar, abin da aka yarda a shiga da shi ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Bayero ba lalle ne a yarda da shi a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba. Ku nemi ɗan gari da ke aji biyu ko uku a can, in da hali a sashen da yaronku zai shiga, ya lissafo muku abin da ya mora a shekararsa ta farko da abin da ya zame masa kaya. Kiran waya ɗaya zai hana ku asarar kuɗi masu yawa a kasuwa.

2. Ku rubuta jeri ɗaya, ku raba wa dangi.
Uwa ko babbar yaya ta riƙe takardar, duk wanda ya ce me zai kawo a nuna masa abin da ya saura, kada kara ta sa a ce masa addu'a kawai ake so. Mai ƙarfi ya ɗauki katifa, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki buta da kofi, abu mai tsada kuma mutum uku ko huɗu su haɗa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da haka ba za a tara fitila uku a rasa tukunya ba.

3. Ku taƙaita walima, ku faɗaɗa guzuri.
Anko da kalanda mai hoto da hayar rumfa duk na yini ɗaya ne, karatun kuwa shekara 2 ne a difloma, 3 a NCE, 4 zuwa 6 a digiri. A tara 'yan uwa bayan la'asar, a yi addu'a, a ci waina a sha kunu, ya wadatar. Abin da ya ragu a ware shi da sunan ɗalibi tun kafin wata hidimar gida ta cinye shi.

4. Ku haɗa masa jakar takardu.
Ku sayi fayil na roba mai maɓalli, ku jera takardar samun gurbi ta JAMB da ta makaranta, sakamakon jarrabawa, takardar haihuwa, takardar NIN, shaidar gama firamare da sakandare, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma daga sakatariyar Rano ko Kibiya. Ku buga kwafi biyar na kowace, ku haɗa da ƙananan hotuna masu yawa, domin kowane ofishi a makon rajista sai ya karɓi nasa. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a kuma bar kwafi ɗaya a gida.

5. Ku biya a daidaita sunansa tun yanzu.
Ku shimfiɗa takardun a tabarma ku duba su ɗaya bayan ɗaya, domin akan samu Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ko an ƙara Zinyau a ƙarshen suna a wata an manta a wata, ko shekarar haihuwa ta sha bamban. Irin wannan saɓani kan tsayar da ɗalibi a wurin tantancewa, ya biyo shi wurin neman rancen karatu, har ranar tafiya bautar ƙasa. Kuɗin mota zuwa ofishin NIMC ko na JAMB da kuɗin gyaran kyauta ce babba, kuma ku je da ƙafarku, ban da 'yan tsakiya.

6. Ku sa hannu a kuɗin rajista.
Babu kyautar da ta kai wannan, domin wanda bai yi rajista a kan lokaci ba yana iya rasa gurbin gaba ɗaya. A biya ta hanyar da makaranta ta bayyana a shafinta, da lambar biya mai ɗauke da sunan ɗalibi, a kuma adana rasit a jakar takardu. Duk wanda ya ce ku tura kuɗi asusunsa zai samo gurbi ko gado a ɗakin kwana, ku gode masa ku riƙe kuɗinku.

7. Ku buɗe masa asusu, ku riƙa sakin kuɗin kaɗan-kaɗan.
Yaron da bai saba riƙe kuɗi ba, in aka damƙa masa na zango guda a rana ɗaya, kafin wata ya cika sun tafi. In niyyarka naira 20,000 ce, ka tura 5,000 duk farkon wata har wata huɗu, kusan tsawon zango ke nan. Asusun ya kasance da sunansa da BVN ɗinsa, a kuma ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa lambar sirri, ko da mai kiran ya ce daga banki yake.

8. Ku zauna da shi a cika takardun neman tallafi.
Tun 2024 akwai asusun NELFUND na gwamnatin tarayya, mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa: kuɗin makaranta a tura wa makarantar kai tsaye, na kashewa kuma a asusun ɗalibi. Ana neman lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibta, biya kuma yana farawa ne shekara 2 bayan bautar ƙasa, don haka a tattauna a gida a san bashi ne. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kano ma takan buɗe shafinta, mai waya a dangi ya ɗauki nauyin sa ido ya sanar da ɗalibi.

9. Ku buɗe rumbu kafin ku buɗe aljihu.
Ƙasarmu ta noma ce, abin da ɗalibi zai saya da tsada a bakin makaranta yana nan a ɗakin ajiyarku. Kwano biyu na wake daga kawu, kwano uku na shinkafa daga wanda ya yi noman rani, galan na man gyaɗa daga inna mai ƙuli, sun fi kuɗin da za a ba shi a madadinsu albarka. Masara ko dawar tuwo a surfa, a niƙa, a tankaɗe, a shanya garin ya sha iska sosai don kada ya yi tsami.

10. Wake da hatsi a zuba su a jarka.
Ku wanke jarkar man girki, ta bushe ƙarau, ku cika ta da busasshen wake har wuya, ku sa leda a baki ku ɗaure murfi tam. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki mutuwa suke yi, ɓera ma ba ya samun hanya. Kada ku sa maganin ƙwari a abincin da za a ajiye a ɗakin da mutane ke kwana, guba ce ga mai ci da mai shaƙa.

11. Ku yi masa abincin gaggawa.
Lakcar ƙarfe takwas ba ta jiran tukunya ta tafasa, makon jarrabawa kuma babu mai lokacin girki. Garin kwaki da suga da ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa a kwalba, garin kunu, dakuwa, da ɗan dambun nama da aka soya ya bushe sosai, su ne ke tsaya wa ɗalibi a irin waɗannan ranaku. Wannan aikin gwaggo da kaka ne, kuma su suka fi kowa sanin abin da ba ya saurin lalacewa.

12. Kada ku manta da kayan miya.
Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, busasshen tattasai, zogalen da aka shanya a inuwa, da yaji mai kyau, duk ba su da nauyi kuma suna kai wata da watanni. Ku zuba kowanne a robarsa mai murfi, ku rubuta suna a jiki. Ku ƙara da haɗaɗɗen garin ɗanwake, domin da shi da mai da yaji an gama abincin rana cikin ɗan lokaci.

13. Tukunya biyu, murhu ɗaya, da darasin girki.
Ƙaramar tukunya da matsakaiciya, ludayi, muciya, wuƙa, faranti da kofi sun isa, a Kasuwar Rano ma za a same su ba sai an shiga Kano ba. Kafin ku sayi risho ko ƙaramar tukunyar gas, ku tabbatar da wanda makaranta ta yarda da shi, domin da yawa sun hana murhun lantarki saboda gobara. Namiji ma a shigar da shi madafa kafin tafiya ya koyi dafa-duka da wake da shinkafa da miyar kuka, kayan abinci ba sa amfanar wanda bai iya sarrafa su ba.

14. Bokiti biyu, jarka ɗaya, buta ɗaya.
Ruwa a ɗakunan ɗalibai yakan zo ya ɗauke, wanda yake da mazubi shi ke wanka ya tafi aji a kan lokaci. Bokiti ɗaya na wanka da wanki, ɗaya mai murfi na ruwan girki, jarka mai lita 25 kuma ta ajiya. Ku rubuta sunansa da fenti a jikinsu, ku haɗa da igiyar shanya da sabulun wanki na gida.

15. Gidan sauro ya riga katifa mai tsada.
Zazzaɓin cizon sauro na mako guda a lokacin jarrabawa yana iya jawo maimaita darasi, balle ga wanda zai zauna a Wudil da ke bakin kogi. Ku sayi gidan sauro mai magani, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana a ciki, ku haɗa masa da ƙusa da igiyar ɗaurewa. Katifa ƙarama ta mutum ɗaya ta isa, sai zanen gado biyu da bargo, musamman ga mai tafiya Zariya inda sanyin hunturu ba wasa.

16. Ƙaramin akwatin magani da gwajin jini.
Farasitamol, garin gishiri da suga na gudawa, filasta, auduga da man shafawa na ciwo sun isa, sauran magani sai likita ya rubuta. Ku kai shi Babban Asibitin Rano a duba rukunin jininsa da ko yana ɗauke da sikila, domin makarantu da yawa suna neman takardar lafiya. In yana da asma ko gyambon ciki ko sikila, ya tafi da maganinsa da katinsa, ya kuma yi rajista a asibitin makaranta tun makon farko.

17. Fitila mai caji da fawa bank.
Karatun dare ba ya yiwuwa da hasken waya, ido zai gaji, batir ya mutu. Fitila mai cajin rana ta fi, domin ko an kwana biyu babu wuta sai a ajiye ta a taga. Fawa bank mai 10,000 mAh na gaske yana cika waya kusan sau biyu, ku saya a shagon da ke ba da rasit, ku guji mai rubutun lamba babba da araha, marar nauyi a hannu.

18. Waya mai riƙe caji, ba mai tsada ba.
Sanarwar aji da jadawalin jarrabawa da takardun darasi duk ta WhatsApp suke yawo yanzu, don haka waya mai intanet ta zama kayan karatu. Ku duba ƙarfin batir da girman ma'ajiya, ku bar maganar kyamara. In ta hannu za ku saya a Farm Centre ko Titin Beirut a Kano, ku je da wanda ya sani, ku karɓi rasit, ku danna *#06# ku rubuta lambar da ta fito ku ajiye saboda ɓacin rana.

19. Ku biya kuɗin koyon kwamfuta kafin sayen kwamfuta.
Tsakanin gama sakandare da fara karatu akan samu watanni ana zaune, a tura shi wurin koyon buga rubutu, tura imel da cika fom a intanet. Wanda ya iya waɗannan ba zai riƙa biyan masu shago a kan kowane ɗan aiki ba, jarrabawar da ake yi a kwamfuta ma ba za ta firgita shi ba. Sayen kwamfutar kansa yana iya jira zuwa aji biyu, sai fa in sashensa ya ce dole, a nan sai dangi su haɗa a sayi ta hannu mai lafiyayyen batir.

20. Ku sayi kayan aikin sashensa.
Ɗalibin kimiyya da na kiwon lafiya suna buƙatar farar rigar ɗakin gwaji, wadda telan gari zai ɗinka da araha. Mai karatun injiniya yana buƙatar kalkuleta irin Casio fx-991 da kayan zane, mai tafiya Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta kuma dogon takalmin roba da malafa. Littattafan darasi ku ba da kuɗinsu kawai, ya saya bayan malami ya faɗi wanda ake so, sai ku haɗa masa littattafan rubutu masu kauri da biro dozin guda.

21. Akwati mai kulle da kwaɗo biyu.
Ɗaki ɗaya yakan ɗauki mutane da yawa, ga baƙi masu shiga da fita, don haka kulle kaya ba zargin kowa ba ne. Akwatin ƙarfe na maƙeran gida ya fi jaka mai taya ƙarko, kuma ɓera ba ya huda shi. Makulli ɗaya a jikinsa, ɗaya a wurin amintaccen aboki, jakar baya mai ƙarfi kuma ta zuwa aji.

22. Sutura mai jure wanki.
Shadda mai tsada ɗaya ta Juma'a ta isa, sauran su zama yadi mai sauƙin wanki da guga, wanda za a samu da rahusa a Kantin Kwari. Takalmi rufaffe mai daɗin tafiya ya fi na ado, domin tsakanin aji da aji akwai tazara. Rigar sanyi da lema ko rigar ruwa kuwa a Ƙofar Wambai ana samun na gwanjo masu kyau.

23. 'Ya mace a ba ta nata na musamman.
Inna ko yaya ta haɗa mata audugar mata ta zango guda, sabulu, man shafawa da hijabai masu sauƙin wanki, a ba ta a keɓe. A kuma ware mata kuɗin adaidaita sahu da na kati daban da na abinci, don kada buƙata ta sa ta miƙa hannu ga wanda bai dace ba. Ku gaya mata a fili cewa duk abin da ya dame ta, daga malami ne ko ɗalibi, ta kira gida, za a saurare ta kuma ba za a cire ta daga makaranta a kan laifin wani ba.

24. Keke ko kuɗin motar dawowa.
Sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo da harabar Samaru a Zariya filaye ne masu faɗi, tsohon keken da aka gyara aka saya wa sarƙa da kwaɗo zai rage kashe kuɗi kullum. Wanda ya samu gurbi a makarantar Kano Poly da ke nan Rano ma keke zai sauƙaƙa masa zirga-zirga. Mai tafiya nesa kuma a ƙulle masa kuɗin motar dawowa gida a ambulan, a ce kada ya taɓa sai hutu ko larura.

25. Ku ɗaure akuya da sunansa.
Shekarar farko kowa yana ɗoki, a shekara ta biyu ne ake neman kuɗin rajista a rasa mai taimako. Akuya ko tunkiya da za a kiwata a gida, ko kaji, ko buhun hatsi da za a ajiye da kaka a sayar da damina in farashi ya tashi, su ne maganin wannan rana. A sanar da kowa a gida cewa ta ɗalibi ce, ba ta suna ko biki ba.

26. Ku ba shi kayan sana'ar da ya riga ya iya.
Injin aski mai caji ga wanda ya iya aski, zare da allura ga mai ɗinkin hula, kayan lalle ko na kitso ga wadda ta ƙware, duk suna kawo kuɗin sabulu da kati a cikin ɗalibai. Sana'ar ta tsaya a Asabar da Lahadi, kada ta ci lokacin aji. Yaron da ke samun ɗan abin kansa ba ya shiga ƙunci in saƙon gida ya yi jinkiri.

27. Ku haɗa shi da mutum, ku yi masa addu'a.
Ku nemo ɗan uwa ko ɗan gari mai mutunci da ke zaune a garin makarantar, ku kai ɗalibi gidansa ku gabatar da shi, a rubuta lambarsa a takarda ba a waya kaɗai ba. Ku sa masa darduma da Alƙur'ani a saman akwati, in gidan Kirista ne Littafi Mai Tsarki, ku ce ya nemi ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarsa da zarar ya isa. Ku kuma tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran waya, ku tambaye shi me ya ci da yadda karatu ke tafiya.

Ba sai gida ɗaya ya yi duka waɗannan ba. Ku zaɓi wanda ya dace da ƙarfinku, ku faɗa wa mai riƙe da jeri ta soke shi, wani ya ɗauki na gaba. In kuma ranar tafiya ta same ku babu komai a hannu, ku ajiye niyyarku zuwa wata na uku na zango, ku aika da kwanon gari ta hannun direban tasha, domin a lokacin ne ɗalibi ya fi buƙata. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya dawo mana da su lafiya.